Daga Salka Zuwa Jirgin Roba: Yadda Iska Ta Daɗe Tana Ɗaukar Masunci



Akwai wani ɗan jirgin kamun kifi da masu sayar da kaya ke tallarsa a intanet, Turawa na kiransa fantun. Dogayen robobi ne guda biyu da ake hura wa iska, kowanne tsawonsa ƙafa 8 ko 9, an haɗa su da firam na ƙarfe, da kujera guda a tsakiya da filafili biyu. Idan an sace iskar sai a naɗe shi a jefa a but ɗin mota. Duk mai sha'awar zuwa dam da ƙugiya ranar hutu, in ya gan shi sai ransa ya biya. To amma kafin mutum ya zare kuɗinsa, yana da kyau ya san inda wannan jirgi ya fito da irin ruwan da aka ƙera shi dominsa, domin kusan kowane sashe na jikinsa amsa ce ga wata wahala da wasu suka sha.

Dabarar hawa iska a kan ruwa tsohuwa ce ƙwarai. A fadar sarkin Assuriya Ashurnasirpal na Biyu da ke Nimrud, a ƙasar Iraƙi ta yau, an sassaƙa hotunan mutane suna ƙetare kogi, wasunsu sun rungume salkunan da suka hura wa iska. Wannan sarki ya yi mulki daga 883 zuwa 859 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sassaƙen kuma yana gidan tarihi a Landan. Mutanen kogin Dijla sun ci gaba da abin har ƙarni na 20. Sukan ɗaure salkunan awaki masu yawa a ƙarƙashin jeren itace, su loda kaya, ruwa ya gangara da su daga Mosul zuwa Bagadaza. Da sun isa sai su sayar da itacen, su sace iskar salkunan, su ɗora wa jakuna su koma gida ta tudu. Ko da Baturen nan Layard ya haƙo manyan gumakan dutse na Nimrud a wajajen 1847, a kan ɗaruruwan irin waɗannan salkuna aka gangara da su zuwa Basra. Hikimar a bayyane take: idan salka guda ta fashe a cikin ɗari, masu jirgi ba su ma fasa hira.

Mu nan ba salka muka hau ba, gora muka hau. Wanda ya taɓa ganin su a Matan Fada ya san yadda Bakabe ke kifa cikinsa a kan ƙaton gora, homa a hannu biyu, ƙafafu suna tuƙi, kifin da ya kama kuma yana jefawa cikin goran. Haka ake yi a fadamun Haɗeja da Nguru da ƙasar Bade. Abin sha'awa, shekarar 1934 da ake ƙirga farkon bikin Argungu na zamani da ita, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ita ce shekarar da wani injiniya a Faransa ya fara gwajin jirgin roban da ya haifi na yau. Za mu zo kansa.

Abin da ya hana Turawa sakat shi ne samun abin da zai riƙe iska ba tare da ya ruɓe kamar fata ba. A 1823 Charles Macintosh na Sikotilan ya yi rajistar dabarar manna ƙyalle biyu da narkakkiyar roba a tsakani. Sai dai ɗanyar roba ba ta da amana: ta yi danƙo da zafi, ta sandare da sanyi. Sai a 1844 Charles Goodyear ya sami rajistar dafa roba da farar wuta, abin da ya sa ta daina wannan hali. Masu gaggawa ba su jira shi ba. A 1842 wani hafsan sojan Amurka, John C. Frémont, ya tafi binciken yammacin ƙasar da jirgin roba mai tsawon ƙafa 20. Ya shiga da shi wani matsatsin duwatsu a kogin Platte inda ruwa ke gudu, jirgin ya haye gangara ta farko da ta biyu lafiya, daga baya ya kife, kayan awo da wasu takardun tafiyar suka bi ruwa. Ba a rasa rai ba, amma tun ranar aka ga cewa jirgin da ba ya nutsewa yana iya kifewa.

Wanda ya fi burge ni a wannan zamani shi ne Laftanar Peter Halkett na sojan ruwan Ingila. A 1844 ya ɗinka wata alkyabba da ƙyallen Macintosh, wadda in ka hura mata iska sai ta zama jirgin mutum guda. Sandar hannunsa ita ce filafili, lemarsa kuma ita ke tarar iska ta ja shi. Ya gwada ta a kogin Thames ta yi aiki. Abin lura shi ne ya raba cikinta gida huɗu, kowane gida da iskarsa, don kada huji guda ya kai mutum ƙasa. Hukumar sojan ruwa ba ta ga amfanin abin ba, amma masu binciken ƙanƙarar arewacin Kanada sun gani. John Rae ya tafi da babban samfurinsa a 1846 ya yabe shi, kuma har yau akwai guda a gidan tarihin Stromness da ke tsibiran Orkney.

Sai mu koma 1934. Kamfanin Zodiac na Faransa asalinsa maƙerin balan-balan ne na tashi sama, don haka ya san sirrin ƙyallen da ba ya yoyon iska. Injiniyansa Pierre Debroutelle shi ya karkatar da wannan sani zuwa ruwa. Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa abin, domin matuƙan jiragen saman da aka harbo a teku da jiragen roba suka tsira. Wanda ya sa duniya ta yarda da shi gaba ɗaya likita ne, Alain Bombard, wanda a 1952 ya tashi shi kaɗai daga tsibiran Kanari a jirgin roban da bai kai mita 5 ba, ya isa Barbados bayan kwana 65, yana cin kifin da ya kama a hanya.

Duk wannan tarihin soja ne da masu kasada. Masunta ta wata ƙofa suka shigo, ƙofar da ta fi kama da ta gora. A Amurka masu kamun kifi a ƙananan tafkuna sun fara ɗaura wa tiyub ɗin babbar mota mazauni na tamfol, mutum ya zauna a tsakiya ruwa har ƙugu, yana tuƙi da ƙafa. A shekarun 1940 har an fara sayar da shi a shirye. Matsalarsa guda uku ce: ba ya sauri, shigarsa da fitarsa wahala, in kuma ya kife mutum na iya maƙalewa kai ƙasa. A kogi mai gudu kuwa ƙafar da ke reto cikin ruwa tana iya sarƙewa a dutse ko saiwa. Saboda haka aka buɗe gabansa ya zama kamar harafin U, daga nan a ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1990 masu kamun kifi na jihohin yamma, irin su Idaho da Montana da Utah, suka raba shi biyu, suka ɗaga kujerar sama da ruwa, suka sa filafili. Fantun ke nan.

Ka ga ashe an yi shi ne don mai kamun nishaɗi a ruwan sanyi mai haske, wanda sau da yawa ma sakin kifin yake yi bayan ya kama. Kuma ko a can ba su haɗa na tafki da na kogi. Na tafki yakan zama gajere mara nauyi, cikinsa a miƙe don ya tafi sak. Na kogi dogo ne, bakinsa gaba da baya a ɗage kamar ayaba don ya haye igiyar ruwa ya juya da sauri, fatarsa mai kauri, sau da yawa kowace roba da gidan iska biyu, darasin Halkett ke nan. Wanda ya ɗauki na tafki ya shiga ruwa mai gudu, Frémont yake shirin maimaitawa. Kuma a ruwa mai gudu ba a jefa anga barkatai, domin igiyar na iya danne gindin jirgin ta kifar da shi.

A wajenmu akwai ƙarin tambayoyin da maƙeran ba su yi lissafinsu ba. Ta farko rana. Iskar da aka hura da sanyin asuba tana kumbura da azahar, roba ta yi tauri kamar ganga, ɗinki ya buɗe, shi ya sa ake rage iska idan jirgi zai zauna a tudu. Robar PVC ita ce mai araha, amma rana na cin ta, wadda aka haɗa da gam kuma ta fi saurin saki da zafi a kan wadda aka narka aka like. Robar da ake kira Hypalon ta fi jure rana, ta fi tsada, kuma mai facin taya na bakin titi ba lalle gam ɗinsa ya kama kowacce cikinsu ba, sai da gam ɗinta na musamman. Ta biyu kifinmu. Ƙayar ƙurungu da ta ragon ruwa ba wasa ba ce, haka ƙugiyoyin mari-mari da wani ya shimfiɗa ya tafi, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse Kainji a 1968 da Tiga a 1974. Inda akwai dorina kuwa maganar ma ba ta taso ba.

Sai iska ta sama. Jirgin da ke zaune a kan ruwa kamar leda, guguwar farkon damina tana iya kwasarsa daga gaɓa zuwa tsakiyar dam kafin mai shi ya naɗe zare, kuma filafili biyu ba sa ja da ita. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, amma a tsakiyar Kainji ko gwanin iyo sai da rigar kariya a jikinsa, ba a ƙarƙashin kujera ba. Mai neman abinci da taru ko birgi, wanda zai dawo da kifi kwando biyu, kwalekwalen katako ya fi masa, ga shi kafintan da zai gyara yana nan bakin ruwa. Fantun na mutum guda ne da ƙugiya guda, a ruwan da ya lafa, kusa da gaɓa, kuma nauyin da aka rubuta a jikinsa ya haɗa da mai shi da famfo da anga da duk kifin da yake fatan kamawa.