Fitilar bango mai ramuka: tarihin ƙarfen da aka koya wa tace haske

Bayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, biranen Turai sun wayi gari cikin kufai. Gidajen da aka shiga ginawa ƙanana ne, katako ya yi tsada, masana'antun ƙarfe kuwa suna neman abin yi. A wannan hali ne fitilar bango ta samu karɓuwa, domin ba ta cin wurin tebur ko na kujera. Sai dai ƙwan lantarki tsirara yana kashe ido, idan kuma aka rufe shi ruf, zafi ya taru, hasken ya mutu. Maganin da masu ƙira suka samo shi ne fallen ƙarfe da aka huda da ƙananan ramuka: zafi ya fita, haske ya tsiyaya a hankali, ya bar zane a jikin bango kamar rana ta ratsa zana.

Wanda sunansa ya fi haɗuwa da wannan sana'a shi ne Mathieu Matégot, haifaffen Hangari a 1910, wanda ya zauna Faransa tun 1931. Ya shiga sojan Faransa, Jamusawa suka kama shi, kuma a zaman fursuna ne aka sa shi aiki a wata masana'anta inda ya saba da fallen ƙarfe. Da ya komo, ya buɗe maƙera a Paris, daga baya wata a Kazablanka. Ya ƙirƙiro hanyar lanƙwasa ƙarfe mai ramuka da naɗe shi tamkar yadi, ya raɗa masa suna Rigitulle. Fitilarsa Satellite ta 1953 daga nan ta fito. Abin mamaki, yana kan ganiyarsa ya ajiye guduma wajen ƙarshen shekarun 1950, ya koma zanen dardumar bango, har ya rasu a 2001.

A Finlan kuwa tagulla ce ta yi sarauta. Paavo Tynell, wanda aka haifa a 1890, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Taito a 1918. Tagulla tana mayar da haske ja-ja mai ɗumi, abin so a ƙasar da dare ke tsawo lokacin sanyi. Ramukan Tynell ba su da yawa, an jera su ne da lissafi, kuma aikinsa ya fi na Matégot natsuwa. Fitilunsa sun kai har ofishin babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

Wannan tunani na huda ƙarfe ya taɓa ƙasar Nijar. A 1949 aka kawo Yamai gidan alminiyon da Jean Prouvé ya tsara domin ƙasashen zafi, mai bango da ramuka zagayayyu na tace rana. Ya shekara hamsin a tsaye, ba wanda ya ɗauke shi a bakin kome. A 2000 wani dillalin kayan tarihi Bafaranshe ya saye shi, aka kwance shi, aka mayar Faransa tare da ƴan uwansa biyu na Brazzaville. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York kan kusan dala miliyan 5.