Daren da tsutsa ta shiga intanet

Da maraicen Laraba 2 ga Nuwamba 1988, masu kula da manyan kwamfutoci a jami'o'in Amurka suka fara ganin injunansu suna nauyi. Umarnin da aka saba cika shi cikin ƙiftawar ido sai ya ɗauki mintoci, daga bisani injin ya tsaya cik. In an kashe an sake kunnawa, ba a jimawa ciwon ya dawo. Kafin gari ya waye, abin ya kai Berkeley da MIT da cibiyar binciken NASA ta Ames a Kalifoniya.

A wancan zamani intanet ƙaramin gari ne. Kwamfutocin da ke haɗe kimanin 60,000 ne, galibi na jami'o'i da cibiyoyin bincike da na soja. A cikinsu akwai waɗanda ake kira sabar, ko uwar garke, masu yi wa sauran hidima: su ajiye takardu, su karɓi wasiƙu su rarraba. Masu kula da su sun san juna ta taruka da wasiƙu, kuma a kan wannan amana aka gina tsarin. Kwamfuta takan buɗe wa ƴar'uwarta ƙofa ba tare da ta tambayi kalmar sirri ba, kamar yadda maƙwabci ke shiga zauren maƙwabcinsa.

Wanda ya tayar da ƙurar, Robert Tappan Morris, ɗalibi ne mai shekara 22 a Jami'ar Cornell. Ya rubuta wata ƴar manhaja mai kwafe kanta daga inji zuwa inji ba da hannun kowa ba, irin wadda ake kira tsutsa, ya sake ta daga wata kwamfutar MIT. Tana kama injunan VAX da Sun masu aiki da Unix na Berkeley.

Hanyoyin da ta bi su ne abin lura, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A manhajar wasiƙu ta sendmail akwai wata ƙofar gwaji da masu rubutun suka yi don aikinsu, aka rarraba manhajar ƙofar tana buɗe, wurare da yawa kuma ba wanda ya rufe. Wata manhajar, fingerd, ta tanadi wa saƙo gurbin haruffa 512, amma ba ta auna tsawon abin da aka aiko mata. Tsutsar ta aika da abin da ya fi gurbin, rarar ta malala cikin ƙwaƙwalwar injin ta zama umarni. Sai kalmomin sirri. Kundin da ake ajiye su, ko da yake a rikiɗe suke, kowa na iya karanta shi. Tsutsar takan gwada sunan mutum, ta juya shi baibai ta sake gwadawa, sannan ta bi wani jerin kalmomi 432 da take ɗauke da shi, daga ƙarshe ta buɗe ƙamus ɗin da ke cikin injin. Wani abin mamaki, mahaifin yaron, Robert Morris babba, shi ne ya rubuta tare da Ken Thompson sanannen nazari kan raunin kalmomin sirri tun 1979, kuma a 1988 babban masani ne a cibiyar tsaron kwamfuta ta hukumar NSA. An yi gargaɗin shekara tara kafin aukuwar.

Tsutsar ba ta share takarda ko ɗaya ba. Ɓarnarta ta fito daga lissafin mai ita: don kada a yaudare ta da cewa ta riga ta shiga wani inji, ya sa ta zauna duk da haka sau ɗaya cikin bakwai. Kwafi ya hau kan kwafi har injuna suka shaƙe. Adadin da ake yawan ambata, injuna 6,000, ƙiyasi ne na kashi ɗaya cikin goma.

Da hankali ya tashi, wurare da dama suka cire kwamfutocinsu daga layi. Dabarar ta kare su, amma ta toshe hanyar da magani zai biyo, tun da ta wasiƙar intanet ake aika shi. Ko saƙon da Morris ya sa wani abokinsa a Harvard ya tura cikin dare, mai bayanin yadda za a tsayar da tsutsar, a cunkoson ya maƙale. Wayar tarho ce ta yi rana, ga waɗanda suka san lambar juna. An yi dace ana taron masana Unix a Berkeley a wannan mako. Su da na MIT da Purdue suka kwana suna warware manhajar, Keith Bostic kuma ya riƙa fitar da gyare-gyare tun ranar Alhamis.

Cikin watan nan na Nuwamba hukumar DARPA ta sa aka kafa cibiyar CERT a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, wuri guda da mai kula da sabar zai kira in ya ga ɓaraka, wanda kuma zai sanar da kowa raunin da aka gano da gyaransa. Daga nan bin sanarwar gyara, da rufe hidimar da ba a bukata, da ɓoye kundin kalmomin sirri suka shiga aikin yau da kullum.

A 1990 kotu ta sami Morris da laifi bisa dokar 1986 kan zamba da kutse ta kwamfuta: shekara uku ana sa masa ido, awa 400 na aikin al'umma, da tarar dala 10,050. Daga baya ya zama farfesa a MIT. Irin raunin fingerd kuwa ya daɗe yana dawowa. A Janairun 2003 tsutsar Slammer ta bi ta cikinsa ta kama injuna kusan 75,000 cikin minti goma, alhali Microsoft ya fitar da gyaran wata shida kafin nan.