Rumbu, Rumfa da Ɗakin Kwana a Damargu

A ajinmu na yaƙi da jahilci, kusa da Olelewa, wani dattijo ya tambaye ni: «Malam, mutumin da ke kwana a mangazar hatsi, ya yi gida ko bai yi ba?» Aka yi dariya, don ni yake nufi. Amma tambayar tana da tarihi. Bari mu bi shi tun daga farko.

Tun zamanin kakanni, Damargu ita ce rumbun Abzin. Ayarin raƙuma kan ɗauki gero daga nan ya kai Agadas. Wani geron har Bilma yake zuwa, a musanya shi da gishiri da dabino. Buzayen Abzin suna da ƙauyukan noma a wannan ƙasa, kusa da na Dagara da Hausawa.

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya ratsa Damargu zai tafi Kano. Ya rubuta sunan Olelewa cikin garuruwan ƙasar. Ya kuma bayyana rumbunan da ya gani tsakanin bukkoki. Kowane kamar babban kwando yake, an ɗora shi bisa itace, an yi masa jinka. An ɗaga shi daga ƙasa ne don kusu da gara. Ku duba rumbun da ke bayan gidanku. Shekara fiye da 170 ke nan, kusan bai sake kama ba.

A ganina, a nan ne asirin yake. Manomin Damargu ya fi kula da wurin kwanan gero bisa wurin kwanansa. Ba wauta ba ce. Ruwan sama kaɗan ne, rijiya da zurfi, a da kuma ga tsoron hari. Mutum bai san ko baɗi yana nan ba. Don me zai kashe ƙarfinsa ga shigifa? Sai ya kafa gwafa, ya kewaye da zana, ya yi jinka. In tashi ya kama, ya bar abin da bai fi aikin kwana uku ba. Har yau, mai gona nesa da gari yakan kai iyalinsa rumfar gona da damina, su zauna sai an yi girbi.

Da Faransawa suka kama ƙasa, rumbu ya shiga hannun hukuma. Bayan yunwar 1931 suka matsa wa talakawa su zuba gero a rumbun tsimi, ba a buɗewa sai da izini. Mutane ba su so abin ba, gama gero nasu ne amma mabuɗi na wani. Bayan mun sami mulkin kai a 1960, aka kafa OPVN a 1970 don saye da ajiyar cimaka. Daga baya ƙauyuka suka sami bankunan hatsi. Ta haka mangaza mai kusurwa huɗu da rufin kwano ta yawaita a karkara.

Sai babban fari ya zo, a 1973 da 1974. Dabbobi suka mutu. Makiyaya suka sauko bakin garuruwa, babu raƙumi, babu saniya. A Yamai dubban mutane suka taru a sansanin Lazare, cikin tanti da rumfunan tabarma. An ce zaman ɗan lokaci ne. Yau Lazare unguwa ce cikin birnin Yamai. A 1984 fari ya sake dawowa, ya buga ƙasar Tanut da Balbeji ƙwarai. Ku tambayi tsofaffinku, za su gaya muku wa ya zo ya sauka a rumfa a waccan shekara, jikokinsa kuma suna nan cikinmu.

Ni na 2005 na gani da idona, ina yaro, bayan fara ta ci gonaki a 2004. Rumbuna sun zama fanko. Maza da yawa sun tafi ci rani, gini ya tsaya cik. Wa zai sayi azara alhali babu tiya ɗaya ta gero a gida?

To, ga labarina. Da aka turo ni koyarwa, babu ɗakin malami a ƙauyen. Aka ba ni tsohuwar mangaza da ba a zuba komai cikinta. Na yi murna, don bangonta ya fi na ɗakuna da yawa ƙarfi. Daren farko na tashi da ciwon kai. Ashe an daɗe ana ajiye maganin ƙwari a ciki, ga shi babu taga ko ɗaya. An gina ta ne don kada iska da ɓera su shiga. Mutum kuwa iska yake bukata. Sati biyu na yi ina kwana waje. Muka kankare daɓen, muka fid da tsofaffin buhuna da gwangwanaye, muka huda taga biyu suna duban juna, muka yi sabon yaɓe. Muka shimfiɗa zana ƙarƙashin kwano saboda zafin bazara. Murhu kuwa waje na kai shi, gama hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya farka ba.

Rumfar kara ita ma da nata haɗari, wato gobara. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai, yara 20 suka rasu. A Nuwamba na shekarar aka sake yin haka a Maradi, yara fiye da 20 suka tafi. Allah ya jiƙan su. Mai kwana a rumfa ya nisanta ta da murhu da tarin kara, ya bar ƙofar da yaro zai iya fita da gudu.

Akwai kuma zancen mallaka. Mangazar da nake ciki ta jama'a ce. Ran da damina ta yi kyau, gero zai nemi ɗakinsa. Shi ya sa kafin in kashe ko dala, muka zauna gaban maigari da shaidu, aka rubuta takarda: wa ya ba da aro, har zuwa yaushe, wa zai biya gyara. Dattijon nan da ya yi mini tambaya, shi ne ya karanta takardar da kansa a bainar jama'a, ya sa hannu da sunansa, ba da ɗan yatsa ba.