Makarantar Likita Miller: Daga Birnin Zariya Zuwa Wusasa

A farkon mulkin Turawa, wanda duk ya nemi makarantar mishan a Daura ko Katsina ko Kano ko Sakkwato, sai dai ya yi ta nema har ya gaji. Bayan an ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta sa hannu a sha'anin addininsu ba, kuma rasdan-rasdan da suka biyo baya sun riƙe wannan magana gam. Sai can a ƙarshen shekarun 1930 aka bar 'yan mishan su kula da kutare a wurare irin su Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato, su ma duk a bayan gari. A ƙasar Hausa, birni ɗaya ne ya fita zakka, shi ne Zariya, inda wani likita Bature ya zauna cikin ganuwa fiye da shekara ashirin yana koyar da yara.

Sunansa Walter Miller, an haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Angilika da ake kira CMS. Tun kafin ya taka ƙasar Hausa ya tafi Tarabulus don ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. A can ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid Tafida, wanda ya zama abokin aikinsa daga baya. A 1900 su biyar suka taso ƙarƙashin Bishop Tugwell suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka ya da zango a Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Sauran suka watse, amma Miller ya sake dawowa, kuma a 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya.

Burinsa na farko babba ne. Ya so ya buɗe makarantu biyu, ɗaya ta malamai manya da za a koya wa rubutun boko, ɗaya ta kwana don 'ya'yan sarakuna. Lugga ya nuna yarda, amma ya bar ƙasar a 1906, wanda ya gaje shi kuwa, Girouard, bai ga dalilin damƙa 'ya'yan sarakunan Musulmi a hannun mai wa'azin Kirista ba. Su ma iyayen ba su gani ba. Ƙarshenta gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nassarawa ta Kano a 1909, a hannun Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi kansa da rigar CMS ya fara shigowa Arewa. Miller ya rasa 'ya'yan sarakuna, sai ya koma ga yaran da ke gabansa: marayu, da waɗanda aka 'yanto daga bauta, da 'ya'yan tsirarun mutanen da suka bi shi.

A nan ne, a ganina, asirin makarantar yake. Da ya samu abin da ya nema da farko, da wataƙila ta zama wata ma'aikatar horar da 'yan majalisar sarki, ta shuɗe kamar sauran. Da ya rasa, sai ta zama gida. Shugaban makaranta da ɗalibansa a farfajiya ɗaya suke kwana. Shi ne malami, shi ne likitan da ke duba wanda zazzaɓi ya kama, shi ne mai ja musu addu'ar safe, shi ne kuma uban da ake kai wa ƙara. Da Hausa ake fara koyarwa, sai yaro ya iya karatu da rubutu da harshen uwarsa tukuna a ɗora masa Turanci. Malamin kuwa ba Hausar kasuwa yake yi ba: shi ne jigon waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke a 1932, kuma Hausawan da ke tare da shi sun sa hannu a aikin. Yaron da ya tashi yana ganin manya suna gardama a kan wace kalma ta fi dacewa da wata aya, ba sai an ce masa harshensa abin daraja ne ba.

Yawan ɗaliban ya ƙaru ta hanyar da ba wanda ya tsara. Tun a ƙarni na 19 akwai almajiran wani Malam Ibrahim na Kano, wanda aka kashe saboda koyarwarsa a kan matsayin Annabi Isa. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka bazu zuwa Ningi da wasu ƙauyuka. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka nemo Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi ta ƙasar Zazzau, da gonaki da coci da makaranta. Ba a daɗe ba ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, ya yi ta ɗaukar mutane har ƙauyen ya tashi. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya. Waɗansu gidajen Hausawa Kiristoci da suka yi suna daga baya, daga wannan masifa tushensu ya tsiro.

Ba za a ba da labarin Miller a ɓoye halinsa ba. Mutum ne mai zafin rai, mai kafiya, wanda ba ya iya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru. Ya yi ta kai ƙarar hukumar gargajiya wurin Turawan mulki, kuma tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi an sha tsama, har ana lissafa rahotanninsa cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja. Zazzagawa ba su manta ba, kuma suna da hujjarsu: baƙo ne da ya zo da addinin da ba su nema ba, ga shi kuma yana da kunnen masu mulki. Turawan gwamnati su ma sun gaji da shi. Ƙarfin halin da ya riƙe makarantar shekara da shekaru, shi ne kuma ya hana ta samun wurin faɗaɗa a cikin birni.

Saboda haka a 1929 mishan ta fita daga ganuwa ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Miller bai so wannan ƙaura ba, ya wuce Kano, ragamar ta koma hannun wani matashin limamin coci, Guy Bullen, mutum mai sanyin hali da iya zama da jama'a. A zamaninsa aka tsara sabon garin: makarantar St. Bartholomew, da asibitin St. Luke, da coci. Cocin nan ya isa a tsaya a dube shi. Da ƙasa aka gina shi, ginin magina Hausawa, katanga mai kauri, rufin soro a kan bakuna irin na zaurukan sarakuna, ta yadda mai shiga daga zafin rana zai ji sanyi ya sauko masa tun daga bakin ƙofa. Masu ibada a ciki da Hausa suke waƙa, da Hausa suke addu'a, sunayensu Audu da Dikko da Tafida. Bullen ya bar Wusasa ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Miller kuwa ya rasu a 1952 a ƙasar Jos. Makarantar ta rayu bayan su biyun, domin kafin nan ta haifi malamanta daga cikin ɗalibanta.

Sai maganar wasa. Turawan wancan zamani, na mishan da na gwamnati, sun fito ne daga makarantun kwana na Ingila inda aka ɗauki filin wasa a matsayin aji na biyu. Abin da ake so yaro ya koya a can shi ne bin doka ko alƙalin wasa ba ya kallo, da haƙuri in an ci shi, da sanin cewa shi kaɗai ba ya cin wasa. Kwalejin Katsina, da aka buɗe a 1922, ta yi suna da wasan fayis, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har girmansa. 'Yan mishan sun ƙara wa wannan ra'ayi nasu dalili, cewa jiki amana ce daga Allah, horar da shi kuma ɓangare ne na tarbiyya. Ana ganin sakamakon a jikin yaran Wusasa. Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, wanda aka haifa a 1934 aka kawo shi Wusasa yana ƙarami, ya yi St. Bartholomew kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, wato Barewa. A can shi ne mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, shi ne kyaftin ɗin dambe, ga tsallen sanda, ga gudun dogon zango. Theophilus Danjuma, wanda shi ma ya yi firamare a Wusasa, ya zama kyaftin ɗin kurket a sakandaren Katsina-Ala. Malamin da ya tsaya da yaro a fili da la'asar yakan san abin da allo ba ya nunawa: wane ne mai saurin fushi, wane ne mai ja da baya, wane ne sauran ke saurara in ya yi magana. Makarantunmu da yawa a yau sun yanka filayensu an yi shaguna, kuma ina ganin abin da aka rasa ya fi ƙwallo.

In aka dubi ƙanƙantar wurin, abin da ya fitar yana da ban mamaki. Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, daga nan ya tafi King's College ta Legas, sannan Jami'ar Birmingham. Shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama NPC, wato Kirista ne manyan 'yan bokon Musulmi suka sa a gaba. John Tafida Wusasa ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ɗaliban Hausa ke karantawa har gobe. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, sannan ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a zamanin Shagari. Gowon ya mulki Najeriya a waɗannan shekaru tara ɗin da Ishaya Audu ke shugabantar jami'ar.

Daga baya cocin Angilika ya buɗe sakandaren St. Paul a Wusasa, wadda ta jawo ɗalibai daga sassan Arewa da ma Kudu. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, aka sauya musu suna: St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Sarauniya Amina, St. Paul ta koma Kwalejin Kufena. Karɓewar ta buɗe ƙofa ga dubban yaran da iyayensu ba za su taɓa kai su makarantar coci ba, wannan alheri ne. Amma shugaban makaranta ya koma ma'aikacin da takarda ɗaya daga ma'aikatar ilimi ke iya ɗauke shi a tsakiyar zango, ba mutumin da zai ga yaro tun shigarsa har fitarsa ba. Abin da ya rage a hannun coci shi ne asibiti da kwalejin horar da limamai ta St. Francis, kuma a 1997 Wusasa ta samu dayosis nata, da Ali Buba Lamido a matsayin bishop na farko.