Siminti a kan jar ƙasa

Jama'a, duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Illo ko Ka'oje ko cikin garin Bagudo a 'yan shekarun nan zai ga abu guda yana ta yaɗuwa. Zauren da kakanni suka gina an fasa masa gaba, an sa ƙofar ƙarfe, ya koma shagon cajin waya. Katangar da ta rage an lafta mata siminti, an shafa fenti, mai gida ya koma gefe yana murna ya yi gyara. To ni dai a ganina, sau da yawa wannan gyaran shi ne ajalin ginin.

Mu fara da sanin abin da muke rusawa. Illo ba garin jiya ba ne. Yana cikin manyan garuruwan Borgu na dauri, tare da Bussa da Nikki. Ta wannan yanki fatake ke tsallake Kwara da jakunansu in sun fito daga Kano da Sakkwato da Jega, su bi ta Kandi da Jugu har Salga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro. Baƙon fatake kuwa a zauren mai masauki yake sauka, a nan ake ciniki, a nan ake sasanta rigima. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zauna a Paris suka sa hannu a yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, sai Illo ya faɗo ɓangaren Ingila, Nikki ya tafi na Faransa. Layin nan ne ya sa yau Lolo ke Nijeriya, Madekali ke Benin, alhali dangi ɗaya ne. Mafi yawan gidajenmu ba su ajiye takarda ko ɗaya kan wannan zamani ba. Bangon nan da muke rainawa, shi ne takardar.

Me ya sa nake cewa siminti na kashe ginin ƙasa? Bangon tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani, kamar yadda randa ke tsattsafo. In ka rufe shi da siminti ka toshe masa hanyar fitar da ita. Ga shi kuma siminti da ƙasa ba sa riƙe juna da kyau. Zafin bazara ya buɗa, sanyin hunturu ya tsuke, sai tsaga ta fito siririya. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa mafita, ƙasar ciki ta yi ta jiƙa. Daga waje fes, ciki kuwa kunu. Ƙwanƙwasa irin wannan bango ka ji, ƙarar ganga yake yi. Ran da zai faɗi ba ya sallama.

Magina na da sun san wannan sarai. Suna yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, su bi da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, su yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, su sa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai a sake yaɓe. Wahala ce, amma bangon na gaya maka inda yake ciwo tun da wuri.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, an kewaye abin da ya rage na tsohon gininsa da kankare a shekarun 1970. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, rayuka suka salwanta, Allah Ya jiƙansu. Mai son ganin fasalinsa na asali yanzu sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwafinsa. A Kano an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka tsayar da sabuwa. Sunan na nan, ƙofar ta tafi. Amma dubi Jenne a Mali: masallacinsu na ƙasa, ginin 1907, har gobe gari guda ke fitowa duk shekara, maza da mata da yara, su yaɓe shi. Ko nan gida, tsohuwar fadar Argungu da sarki ya bari a 1942 ta tsira ne don an ba ta aiki, ta zama Gidan Tarihin Kanta a 1958.

Ban zo in zagi talaka ba fa. Wanda soro ke yi wa yoyo a kan 'ya'yansa yana da gaskiya in ya nemi kwano. Azara ta yi tsada, ƙwararrun magina sun tsufa, yaransu sun koma birkiloli don can kuɗin yake. Kuma a garin kan iyaka, shago a bakin hanya abinci ne. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai hali, ɗan boko irina, da zai dawo gida da kuɗi ya ce ginin ƙasa abin kunya ne, ya kawo tayil irin na banɗaki ya manna a fuskar gidan kakansa.

Ana iya sa kwano ba a kashe bango ba: a fito da bakinsa sosai ya kare katangar daga feshi, a gyara magudana, a bar yaɓe na ƙasa. In shago ake so, a gina shi a gefe a ƙyale zauren. In kuma rushewar ta zama dole, don Allah a ɗauki hoto ciki da waje tukuna, a zauna da dattijon gidan a tambaye shi wa ya gina, a zamanin wane sarki, su wa suka taɓa sauka a ciki. Masu irin waɗannan hotuna na Illo, Lolo, Tsamiya ko Ka'oje, ku turo mini, ina tarawa.