Lancia Delta: 'Yar Ƙaramar Motar Da Ta Gagari Manya

Yau hirar mota za mu yi, motar da ba a cika ganinta a titunanmu ba, ko a Legas inda kowace irin tokunbo ke sauka. Sunanta Lancia Delta, 'yar ƙasar Italiya.

Da aka fito da ita a 1979, ba wanda ya kawo mata gudu a rai. Ƙaramar motar iyali ce mai ƙofa biyar, tsarar Golf, kuma mai zane ɗaya ne ya fitar da su biyun, wato Giorgetto Giugiaro. Ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1980, shi ke nan.

Abin da ya canza mata rayuwa mutuwa ce. A tseren rali ba zagaye fili ake yi ba. Hanyar daji, dutse ko ƙanƙara ake bi, ana ƙirga lokaci, wani na gefen direba yana karanta masa kwanar da ke gaba. A farkon shekarun 1980 an sakar wa kamfanoni mara a rukunin da ake kira Group B: ka ƙera mota 200 kawai, ka shiga. Lancia ta kawo Delta S4, wadda suna da kamanni kaɗai ta ara daga ta kasuwa, injinta ma a bayan direba yake. Ranar 2 ga Mayu, 1986, a tsibirin Kosika, Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka faɗa kwazazzabo a cikinta, ta kama da wuta, duka suka mutu. Dama a Maris ɗin shekarar wata motar Ford ta afka cikin 'yan kallo a Fotugal. Sai hukumar tsere ta soke rukunin daga ƙarshen shekarar.

Sabuwar doka ta ce sai motar da aka ƙera aƙalla 5,000 aka sayar wa jama'a. A nan Lancia ta yi sa'a, don tana da Delta HF 4WD a hannu, inji lita 2 mai turbo, ƙafa huɗu duk suna ja. Kafin sauran su farga ta yi nisa. Daga 1987 zuwa 1992 ta ɗauki kofin kamfanoni na duniya sau 6 a jere, ta ci tsere 46. Ana ta ƙara mata faɗi da ƙarfi, ta koma Integrale, sannan Evoluzione. Juha Kankkunen ya zama zakara da ita a 1987 da 1991, Miki Biasion a 1988 da 1989.

Ni dai nasarar da na fi girmamawa ita ce ta Safari a Kenya, inda ƙura da taɓo ke karya mota. Wannan fage ne da Fijo 504 ɗin da muka sani ta taɓa ci a 1975. Lancia ta yi shekaru tana nema tana dawowa hannu rabbana, sai a 1988 Biasion ya kawo mata, ya maimaita a 1989.

Amma Toyota ta riga ta taso. Carlos Sainz ya ƙwace kambun direbobi da Celica a 1990 da 1992. Lancia ta janye tawagarta a ƙarshen 1991, ƙungiyar Jolly Club ce ta riƙe motocin har aka ci kofin ƙarshe. An daina ƙera Integrale a 1994.