Ɗan Akwatin da Ya Haifi OpenWrt

A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fito da WRT54G, wani ɗan akwati shuɗi da baƙi mai raba intanet a gida ba tare da an ja waya ba. Cikakkiyar kwamfuta ce a cikinsa, sai dai ma'adanar manhajarta megabayit 4 ce kacal. Hoto ɗaya a wayarka ma zai iya cinye wannan.

A 2003 masu bin ƙwaƙƙwafi suka gano ashe Linux ne ke tuƙa shi. To, lasisin Linux, wato GPL, yana da sharaɗi: in ka sayar da na'ura da shi a ciki, dole ka ba masu saye asalin rubutun manhajar. Linksys, wanda Cisco ya saye a shekarar, bai saki rubutun ba sai da aka matsa masa lamba.

Da rubutun ya fito, masu sha'awa suka duƙufa gyare-gyare, aka samu OpenWrt a 2004. A 2005 kamfanin ya cire Linux daga sabon samfurin, ya rage ma'adanar zuwa rabi. Amma kasuwar 'yan gyara ta riga ta kafu, don haka ya fito musu da WRT54GL, mai Linux kamar da.